BABI NA HUƊU: TASIRIN NA'URORIN ZAMANI A KAN WAƘAR BAKA DA SANA'AR MAWAƘI

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin rabe-raben makaɗan Hausa da kayan kiɗansu da kuma matsayinsu a cikin al'umma. A wannan babi kuwa za a duba yadda na'urorin ɗaukar murya da na yaɗa ta suka taɓa waƙa ita kanta, da sana'ar mai yin ta, da kuma aikin da take yi a harkokin jama'a. Za a bi waɗannan na'urori ɗaya bayan ɗaya, tun daga garmaho da rediyo da kaset, har zuwa situdiyo da wayar salula. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, na'ura ta fara raba mawaƙi da ubangida ta haɗa shi da kasuwa, daga baya kuma wata na'urar ta rushe kasuwar ta mayar da shi ƙofar ubangida. Kowane mataki na wannan tafiya ya bar tabonsa a jikin waƙa, wato a tsawonta da zubinta da harshenta da kuma turkenta.

4.1 Waƙa Kafin Zuwan Na'ura

A gargajiyance waƙar baka ba ta rabuwa da wurin da ake yin ta. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa, wanda ya yi wa Sarkin Gobir na Isa kiɗa da kotso, ko Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi, yana da ubangida guda wanda yake ɗauke da cinsa da suturarsa da dokinsa. Shi kuma makaɗin aikinsa ne ya koɗa sarki, ya tuna wa jama'a asalinsa, ya yi wa abokan hamayyarsa zambo da habaici. Makaɗan sana'a ma haka suke, domin makaɗin mahauta ko na maƙera ko na manoma yana cin abinci ne a jikin masu wannan sana'a.

Abubuwa uku ne suka fito fili a irin wannan waƙa. Na farko, ba a ƙayyade mata tsawo, sai dai taro ya ƙayyade, domin muddin ana kyauta makaɗi ba ya rasa abin faɗa. Na biyu, ba ta zama a kan siffa guda. Gindin waƙa ne kawai yake tsayawa, amma ɗiyanta suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon waɗanda suka halarci taron. Na uku, aikin taron dangi ce: jagora yana ja, 'yan amshi suna karɓa suna ƙari, ganga kuma tana magana, domin kalangu da kotso suna iya kwaikwayon karin sautin Hausa har mai sauraro ya gane taken wanda ake kaɗawa. Waɗannan siffofi ne manazarta irin su Ɗandatti Abdulƙadir, a nazarinsa na 1975 a kan Mamman Shata, da Sa'idu Muhammad Gusau, a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, suka ɗora ma'aunin nazarin waƙar baka a kansu. Da wannan ma'auni za a auna abin da ya biyo baya.

4.2 Garmaho da Rediyo

Garmaho ne ya fara sanya wa waƙar Hausa iyaka. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kimanin minti 3 a kowace fuska, saboda haka dole makaɗin da ya saba raba dare yana waƙa ya tsamo ɗiyan da suka fi armashi ya bar saura. Daga nan ne aka fara samun abin da babu shi a da, wato siffa guda ta waƙa wadda jama'a suka haddace, har idan makaɗi ya canza wani ɗa a bainar jama'a a ga kamar ya yi kuskure a cikin waƙar da shi ya ƙirƙira.

Sai dai garmaho kayan masu hali ne. Rediyo ce ta kai waƙa ƙauye, musamman bayan buɗe gidan rediyo da talabijin na Jihar Arewa a Kaduna a 1962, da kuma yaɗuwar ƙananan akwatunan rediyo masu aiki da batir. Manomi a gona da mace a cikin kulle suka riƙa jin waƙar da a da sai wanda ya je ƙofar fada ran salla yake jin ta. Wannan ya ɗaga makaɗan jama'a, waɗanda ba su da ubangida guda, sama da yadda aka taɓa gani. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, su ne babban misali. Ɗanmaraya ba shi da 'yan amshi, ba shi da tarin makaɗa, daga shi sai kuntiginsa, kuma akasarin turakunsa sun shafi talaka ne, kamar yadda ake gani a waƙarsa ta Karen Mota. Irin wannan makaɗi ba shi da gurbi a fada, amma ya dace da rediyo ƙwarai, domin muryarsa da kalmominsa suna fita tangaran.

Haka kuma rediyo ta samar wa makaɗi sabon ubangida, wato gwamnati. An yi amfani da mawaƙa wajen wayar da kan jama'a lokacin da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, da lokacin da aka sauya kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973. Ta haka turken wayar da kai ya samu gindin zama kusa da turken yabo.

4.3 Kaset da Buɗewar Kasuwa

Kamfanin Philips ne ya fito da kaset a 1963, amma bai cika gidajen Hausawa ba sai a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji na 1974 suka sa rikoda ta zama abin da ƙaramin ma'aikaci yake iya saya. Kaset ya bambanta da faifai ta fuska biyu. Yana ɗaukar minti 30 ko 45 a kowace fuska, saboda haka waƙa ta sake samun sararin miƙe ƙafa. Sannan kowa yana iya ɗauka da shi, yana iya kwafa. Waƙoƙi da dama na Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da na Shata, sun iso ga mutanen yau ne ta hanyar kaset ɗin da wani ya ɗauka a wurin biki ko naɗin sarauta, shi ya sa ake jin muryar sanƙira da hayaniyar taro a cikinsu. Ga manazarci wannan hayaniya taska ce, domin ita take nuna yadda ake aiwatar da waƙar.

Ta fuskar ciniki, kaset ya haifar da sana'o'in da babu su a da: masu kwafa, da masu sari, da masu turawa a baro, da masu gyaran rikoda. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar wannan ciniki, inda kaya suke fita zuwa sauran garuruwan Arewa da Nijar da Kamaru da Ghana. Sai dai kura da shan bugu, gardi da ƙwace kuɗi: mai kwafa ba ya neman izinin makaɗi, ba ya ba shi ko kwabo. Abin da makaɗi yake samu shi ne suna, sunan kuma shi yake jawo gayyata zuwa wurin biki inda za a yi masa kyauta. Wannan ɗabi'a ta ɗaukar waƙa a matsayin kayan kowa ta kafu tun a wannan zamani, kuma ita ce ta zo ta yi wa sana'ar illa daga baya.

Kaset ya kuma shigo da karin waƙoƙin finafinan Indiya cikin ɗakunan mata da shagunan samari, har wasu masu begen Annabi da bandiri a Kano, irin su ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗora baitocinsu a kan waɗannan kare-kare. Wannan ya share wa kunnen matasa hanyar karɓar abin da situdiyo ta zo da shi.

4.4 Situdiyo da Kiɗan Fiyano

Fitowar fim ɗin Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 ita ce mafarin cinikin finafinan Hausa na bidiyo a Kano. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 waƙa da rawa sun zama ginshiƙin fim, musamman bayan karɓuwar da fim ɗin Sangaya ya samu. Kiɗan waɗannan waƙoƙi ba da ganga ake yin sa ba, da na'urar Yamaha ake yin sa, wadda jama'a suke kira fiyano, a situdiyo irin ta Iyan-Tama. Abdalla Uba Adamu ya yi rubuce-rubuce da yawa a kan wannan sauyi da irin waƙoƙin da ya haifar, waɗanda ake kira nanaye. A nan ne zubin waƙa ya fi jijjiga, kuma ana iya ganin haka ta fuskoki huɗu.

Na farko, dangantakar kiɗa da waƙa ta juya. A gargajiyance ganga ce take bin bakin jagora. A situdiyo kuwa na'ura tana tafiya a kan bugu guda wanda ba ya jira, mawaƙi ne yake daidaita kalmominsa da ita. Sakamakon haka sau da yawa ana jan gajeren wasali ko a danne dogo, ko a karya karin sautin kalma, domin ta shiga cikin kiɗan. Fiyano yana iya kwaikwayon amon kalangu, amma mai kaɗa shi ba ya sa shi ya faɗi take ko kirari, don haka kiɗa ya koma rakiya kawai.

Na biyu, mawaƙin situdiyo yakan rubuta waƙarsa a takarda kafin ya shiga ɗauka, yana tsara ta baiti-baiti da amsa-amo kamar yadda marubuta waƙoƙi suke yi. Ke nan iyakar da manazarta suka shata tsakanin waƙar baka da rubutacciya ta dushe. Waƙar situdiyo ta ɗauki amshi da kiɗa daga ta baka, ta ɗauki amsa-amo da daidaiton baiti daga rubutacciya. Aibin da wannan ya haifar shi ne bautar amsa-amo, inda ake cusa kalmar da ba ta da alaƙa da ma'ana don kawai ƙarshenta ya dace.

Na uku, 'yan amshi sun rasa aikinsu. Ana ɗaukar amshi sau ɗaya, kwamfuta ta riƙa maimaita shi a duk inda ake bukata. Karɓi da ƙari, waɗanda su ne gishirin waƙar fada, ba sa yiwuwa idan babu mutanen da suka daɗe tare har suka san numfashin juna. Ƙungiyar makaɗa kuma ita ce makarantar da yaro yake shekaru a cikinta kafin ya ja waƙa, kamar yadda Ɗanƙwairo ya tashi a hannun mahaifinsa da yayansa. Rushewarta rushewar hanyar koyo ce.

Na huɗu, na'urar gyaran murya ta sa muryoyi sun yi kama da juna. Mai sauraro yana gane Shata ko Barmani Choge daga kalmar farko, amma a yawancin waƙoƙin fim sai an faɗi sunan mawaƙi.

Duk da haka adalci ne a faɗi alherin situdiyo. Ta cire sharaɗin gado, ta yadda ɗan malami da ɗan kasuwa da ɗan boko suka shiga waƙa ba tare da an kira su maroƙa ba. Ta buɗe wa mata irin su Fati Nijar da Maryam A. Baba ƙofar sana'a wadda ba ta tsaya ga bikin mata ba. Ta ɗaga turken soyayya, wanda ba shi da yawa a bakin manyan makaɗan da. Sannan ayyukan Aminu Ladan Abubakar, wato Alan Waƙa, sun nuna cewa na'ura ba ta hana zurfin harshe da nauyin saƙo. Inda aka ga waƙa ta yi rauni, gaggawar kasuwa ce ta fi na'urar laifi.

4.5 Wayar Salula da Rushewar Kasuwa

An fara amfani da layukan salula na MTN da Econet a Nijeriya a 2001. Da farko waya ta magana ce kawai, amma da aka samu masu ɗaukar katin memori da Bluetooth sai ta zama rediyo da rikoda da shagon kaset a cikin aljihu guda. Kafin nan faifan CD ya maye gurbin kaset, kuma an samu wani ɗan zamani da mawaƙi yake iya sayar da kundin waƙoƙinsa ga 'yan kasuwa, ko ya sayar wa mai shirya fim, ya rayu ba tare da ya yabi kowa ba. Wannan shi ne 'yancin da ya fi kowanne girma da mawaƙin Hausa ya taɓa samu, kuma bai daɗe ba.

Kwafar kaset tana bukatar na'ura da lokaci da jari, kuma murya tana dushewa idan aka yi ta kwafa. Tura waƙa daga waya zuwa waya kuwa ba ya cin komai, kuma kwafi na dubu daidai yake da na farko. Sai aka samu masu sana'ar tura waƙoƙi da finafinai daga kwamfuta zuwa wayoyin jama'a a bakin titi da kasuwannin waya irin ta Farm Centre a Kano. Zuwa tsakiyar shekarun 2010 cinikin faifai ya durƙushe, ya tafi da masu sari da masu buga kwali da masu shagunan haya. Masu shirya fim suka koma ga tashoshi irin su Arewa24, wadda aka buɗe a 2014, da kuma finafinai masu dogon zango a YouTube, waɗanda ba su dogara da rawa da waƙa kamar na da ba.

Yau waƙa tana isa inda ba ta taɓa isa ba. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta game ƙasar Hausa a 2020, lokacin zaman gida na annobar korona, ta hanyar gajerun bidiyon da mata suka riƙa ɗauka suna rawa. Amma irin wannan yaɗuwa tana da farashi a jikin waƙa. A TikTok gutsure ake ɗauka, saboda haka hankalin mawaƙi ya koma ga gindin waƙa da layi ɗaya ko biyu da za su kama baki, ɗiyan waƙa kuma suka zama ciko. Abin da garmaho ya fara da minti 3, waya ta ƙarasa shi da 'yan daƙiƙoƙi.

Tun da kuɗin da YouTube yake biya ba ya riƙe sai 'yan ƙalilan masu ɗimbin 'yan kallo, sauran mawaƙa sun koma ga waƙar oda: ta amarya da ango, ta tallar kaya, ta naɗin sarauta. Ana aiko wa mawaƙi sunayen dangi ta WhatsApp, a tura masa kuɗi ta banki, ya yabi mutanen da bai taɓa gani ba. Yabon makaɗin da yana cike da tarihi da nasaba domin ya zauna da gidan da yake yabo. Yabon oda kuwa jerin sunaye ne da siffofin da za su hau kan kowa.

4.6 Waƙa da Harkokin Jama'a

Ubangidan da ya fi kowa ƙarfi a wannan sabon yanayi shi ne ɗan siyasa. Waƙar siyasa tana da tarihi tun zamanin NEPU da NPC, lokacin da mawaƙa irin su Gambo Hawaja da Mudi Sipikin suka yi waƙa a kan aƙida, wasu har suka sha wuya saboda ita. Tun daga komawa mulkin farar hula a 1999 kuwa, situdiyo ta sa ana iya gama waƙar ɗan takara cikin yini guda, waya kuma ta kai ta kowace rumfa. Dauda Kahutu Rarara shi ne fitaccen misali. Waƙoƙinsa sun yi tashe a yaƙin neman zaɓen Muhammadu Buhari na 2015, a 2020 ya nemi magoya baya su tura masa naira 1,000 kowannensu kafin ya saki sabuwar waƙa, a 2023 ya yi wa Bola Tinubu waƙa, kuma a cikin wannan shekarar ya fito ya soki mulkin Buhari. Makaɗin fada yana tsufa da gida guda, har ya yi wa ɗa kiɗa bayan uba. Ubangidan siyasa kuwa na wa'adi ne, don haka yabon bana yana iya zama zambon baɗi, na'ura kuma tana ajiye duka biyun don jama'a su gwada.

Zambo ma ya sauya hali. A fada akan sakaya suna, a siffanta mutum da dabba ko wata kama, sai wanda ya san gidan ne zai gane. Waƙar da za ta yi yawo a waya cikin waɗanda ba su san gidan ba dole ta fito fili, shi ya sa habaici ya ragu, gugar zana ta koma zagi.

Ta ɗaya ɓangaren, wayar da ta talauta mawaƙi ita ce ta ba shi bakin da hukuma ba ta iya rufewa. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001. A 2007 an ɗaure Adam A. Zango saboda fitar da kundin Bahaushiya ba tare da tacewa ba, a 2009 kuma wata kotu ta haramta waƙoƙi 11, cikinsu har da Hasbunallahu ta Alan Waƙa, wanda shi ma aka tsare shi a wannan shekara. Amma waƙoƙin sun ci gaba da yawo ta Bluetooth, domin dokar da aka tsara don shago da faifai ba ta da hannun kama abin da yake cikin aljihun kowa.

4.7 Naɗewa

An ga yadda garmaho ya taƙaita waƙa ya tsayar da ita a kan siffa guda, rediyo ta kai ta ga talaka, kaset ya mai da ita haja, situdiyo ta sauya zubinta ta buɗe ƙofarta ga kowa, waya kuma ta yaɗa ta ta kashe kasuwarta. Hukuncin da wannan nazari ya kai gare shi shi ne, ingancin waƙa ya fi rataya a kan wanda yake biyan mawaƙi fiye da na'urar da yake amfani da ita. Muddin masu sauraro ba su biya, mai kuɗi da mai mulki ne za su zaɓi abin da za a rera musu. Haka kuma ma'aunin nazarin waƙar baka na bukatar faɗaɗawa, domin ba daidai ba ne a auna waƙar da aka rubuta aka ɗauka a ɗaki da mudun da aka yanka wa waƙar dandali. A babi na gaba za a ɗauki zaɓaɓɓun waƙoƙin situdiyo a yi nazarin turke da salonsu bisa waɗannan bayanai.